Su Abubakar Imam ma da aikinsu suka yi rubutu

A kusan kowace ma'aikata, asibiti, makaranta ko kasuwa a ƙasar Hausa, akwai mutumin da ke ɗauke da baiwar da abokan aikinsa ba su san da ita ba. Akwai malamin firamare da ya rubuta babi shida na wani labari a wayarsa ya tsaya. Akwai ma'aikaciyar jinya da ke tsara baitoci idan dare ya raba, marasa lafiya sun samu barci. Akwai tela mai hannun zane, da direban A Daidaita Sahu da ke da waƙoƙi goma a ka amma bai taɓa taka ƙofar situdiyo ba.

Idan aka tambaye su abin da suke jira, amsar kusan ɗaya ce: sai an samu lokaci. Wani ya ce sai ya yi ritaya, wata ta ce sai yara sun tasa, wani kuma sai ranar da Allah ya haɗa shi da mai ɗaukar nauyinsa.

Abin da ke haifar da wannan jira shi ne zaton cewa mai fasaha na gaske ba ya da wata sana'a sai fasahar, wanda kuwa ke fita aiki da safe ya dawo da yamma ɗan koyo ne har abada. Zaton ya yi ɓarna ta fuska biyu. Wasu sun ajiye alƙalami suna zaman jiran gawon shanu, wasu kuma sun ajiye aikin da ke ciyar da iyalinsu tun lokaci bai yi ba, suka faɗa bashi. Tarihin adabin Hausa kansa bai goyi bayan wannan zato ba.

Malaman makaranta ne suka buɗe ƙofar

A shekarar 1933, Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Daga nan ake fara ƙirga tarihin ƙagaggen labari na Hausa a rubutun boko.

Uku daga cikin marubutan nan malaman makaranta ne. Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22 a duniya. Yayansa Bello Kagara malami ne a Kwalejin Katsina. Tafawa Ɓalewa kuwa a Midil ta Bauchi yake koyarwa. Duk wanda ya san makarantar kwana ya san aikin malami ba ya ƙarewa da tashi daga aji. Akwai shirya darasi, akwai duba littattafan ɗalibai, akwai sa ido kan yara. A tsakankanin waɗannan hidimomi aka rubuta littattafan da har yau, bayan shekara 90, ake karantawa a makarantu.

Abin lura shi ne yadda al'amarin Imam ya gudana. Sai da Ruwan Bagaja ya fito aka ga iyawarsa, sannan a 1936 aka aro shi zuwa Zariya inda ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Wato damar zama a yi rubutu zalla ta zo ne a matsayin ladan aikin da ya riga ya yi a ɗan lokacin da ya rage masa. Da ya ce sai an ba shi hutu zai fara, da babu wanda zai san ya cancanci hutun. Ko bayan haka ma, wani aikin ne ya sake hawa kansa, domin shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939.

Haka abin yake a fagen waƙa. Mu'azu Haɗeja malamin makaranta ne. Sa'adu Zungur ya koyar a makarantar harhaɗa magunguna ta Zariya. Shehu Shagari yana malami a Sakkwato ya tsara Waƙar Nijeriya, shekaru da dama kafin ya zama shugaban ƙasa. A kudancin ƙasar ma, Chinua Achebe ma'aikacin gidan rediyo ne lokacin da Things Fall Apart ya fito a 1958.

Noma da damina, sana'a da rani

Haɗa sana'a biyu ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A tsarin rayuwar gargajiya, kusan kowa manomi ne da damina. Idan amfani ya shiga rumbu, maƙeri ya koma maƙera, masaƙi ya koma kan saƙarsa, badukun ya ɗauko fatunsa, marini ya koma karofi. Malamai da almajiransu sun daɗe suna ɗinkin hula da aikin babbar riga a lokacin da ba na karatu ba. Babu wanda ya taɓa cewa aska takwas da ke ƙirjin riga ta rage kyau don wanda ya ɗinka ta yana da gona.

Wannan tsari yana da hikimarsa. Gona ta ba da tuwo, don haka mai sana'a ba ya sayar da aikinsa a wulaƙance saboda yunwar yau. Abin da albashi ko ɗan shago ke yi wa mai fasaha a yanzu ke nan.

Mali ta ba da misali a kusa. Ali Farka Touré, makaɗin jita da duniya ta san shi, ya yi aikin tuƙi, ya kuma yi aikin sarrafa sauti a gidan rediyon Mali a shekarun 1970. Ko bayan da faifansa Talking Timbuktu na 1994 ya ci kyautar Grammy, ya ci gaba da ɗaukar kansa manomi, yana zaune a garinsu Niafunke a bakin kogin Neja, har aka zaɓe shi magajin garin a 2004. Gonar ba ta rage wa kiɗansa komai ba.

Abin da aiki ke ba mai fasaha

Abu na farko shi ne 'yancin faɗin a'a. Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mawaƙin da abincin gidansa ke hannun ubangida ba shi da zaɓi kan abin da zai rera. Kowace kakar zaɓe ana ganin yadda masu basira ke yabon wanda suka zaga bara, su zagi wanda suka yaba, kuma ba lallai ba ne don ra'ayinsu ya sauya. Haka marubuciyar da kuɗin cefanenta ya rataya kan yawan masu biyan kuɗin karatu a intanet: dole ta bi abin da ya fi ja, ko da zuciyarta na kan wani labari daban. Wanda ke da albashi, komai ƙanƙantarsa, yana iya ƙin kwangilar da za ta zubar masa da mutunci, yana kuma iya shafe shekara biyu yana gyara aiki ɗaya har ya nuna.

Abu na biyu shi ne abin faɗa. Fasaha da rayuwar mutane take ci, kuma wurin aiki cike yake da mutane. Ma'aikacin kotu yana jin rigingimun gado da na aure da marubucin da ke kulle a ɗaki ba zai iya ƙagowa ba. Ɗan kasuwar Kwari ya san harshen ciniki, ya san yadda amana ke ƙulluwa da yadda take warwarewa. Direban haya yana jin hirar gari tun kafin ta kai gidan rediyo.

Najib Mahfuz na Masar ya nuna haka a aikace. An haife shi a 1911, shekara ɗaya da Abubakar Imam, ya kuma shafe fiye da shekara 35 yana aikin gwamnati, ciki har da ma'aikatar kula da waƙafi, har ya yi ritaya a 1971. Yakan yi rubutunsa ne a sa'o'in da ya keɓe bayan tashi daga ofis. Ƙananan ma'aikata, masu neman ƙarin girma, da talakawan da ke zarya a ofisoshin gwamnati sun cika littattafansa, har akwai wanda ya gina kacokan kan ma'aikacin da ya ƙarar da rayuwarsa yana neman kujerar babban darakta. Ya rubuta ƙagaggun labarai fiye da 30, kuma a 1988 ya zama marubucin Larabci na farko da ya ci kyautar Nobel ta adabi.

Haka Usman Sembene na Senegal. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa, kuma littafinsa na farko da ya fito a 1956 daga rayuwar 'yan dakon ya samo shi. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen harkar fim a Afirka.

Taura biyu fa?

Mai ja zai ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Gajiya ba ƙarya ba ce. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci sun ninka, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuma ba ya kai gida ƙarshen wata. Ma'aikata da yawa suna tashi daga aiki ne su wuce wani aikin. Mutum ya dawo gida bayan isha'i, babu wuta, waya babu caji, yara na jiran a duba musu aikin makaranta. Duk wanda ya ce wa irin wannan mutum lalaci ne ya hana shi rubutu bai yi masa adalci ba.

Akwai kuma asarar da ba za a iya musantawa ba. Tafawa Ɓalewa bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba bayan Shaihu Umar. Shugabancin makaranta da siyasa sun tafi da shi har ya zama Firaminista. Babu wanda ya san littattafan da aka rasa. Saboda haka aiki yana iya cinye fasaha, kuma ya sha cinyewa.

Sai dai tambayar da ta kamata ita ce: mene ne zaɓin? Kasuwar littafin Hausa da ta bunƙasa a Kano daga ƙarshen shekarun 1980 ta ja baya, karatu ya koma waya, satar fasaha kuma ta sa littafin da aka sha wahalar rubutawa yana yawo kyauta a zaurukan WhatsApp kwana kaɗan da fitowarsa. Kaɗan ne ƙwarai ke iya riƙe gida da rubutu ko zane ko waƙa kaɗai. Ga mafi yawan masu baiwa, zaɓin da ke gabansu shi ne ko dai su yi fasaha tare da aiki, ko kuma kada su yi ta sam. Idan haka ne, da babu gara ba daɗi.

Nauyin ya fi yawa a kan mata, domin aikin gida ba shi da lokacin tashi. Duk da haka, su ne suka fi nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Mariama Ba ta Senegal malamar makaranta ce mai 'ya'ya tara, kuma tana da shekara 50 littafinta na farko ya fito a 1979. Ya ci kyautar Noma a 1980, ita kuma ta rasu a 1981, amma har yau ana nazarinsa a jami'o'in duniya. A nan gida, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatun manya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata da yawa da ke rubutu tsakanin girki, raino, karatu da aiki.

Lissafin shafi ɗaya a rana

Abin da ya haɗa mutanen nan duka shi ne ƙayyade lokaci da riƙe shi. Anthony Trollope na Ingila ya yi shekara 33 yana aiki a hukumar gidan waya, daga 1834 zuwa 1867. Yakan zauna kan tebur da ƙarfe 5:30 na asuba, ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti 15, kafin ya tafi ofis. Ya bar ƙagaggun labarai 47. Gaskiya ne yana da mai yi masa hidima, ba ya kuma fama da layin mai, don haka ba a ce kowa ya yi kamarsa ba. Darasin shi ne mutumin bai jira zuwan ilhama ba, lokaci ya yanka mata.

A rage lissafin ya dace da ma'aikacin yau. Kalma 300 kusan shafi ɗaya ce, kuma ana iya rubuta ta cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Idan aka yi haka kwana biyar a mako, an samu kalma 1,500. A mako 40 an tara 60,000, wato littafi mai kimanin shafi 200. Shekara kuwa mako 52 ce, saboda haka an bar mako 12 don azumi, biki, rashin lafiya da ranakun da kai ya ƙi ɗauka. Mai zane da ke gama hoto ɗaya a wata yana da 12 a shekara, sun isa baje koli. Mawaƙin da ke kammala waƙa ɗaya a wata yana da faifai kafin shekara ta zagayo. Yau da gobe ce ke sa allura ginin rijiya.

Wane lokaci ne ya fi? Ya danganta da mutum. Ga da yawa, tsakanin sallar asuba da fitowar rana ne gida ya fi shiru, kai kuma bai cika da hayaniyar yini ba. Wani sai bayan yara sun kwanta. Mai gadi ko mai aikin dare yana da nasa sa'o'in. Muhimmin abu shi ne lokacin ya zama sananne, iyali su san da shi, a kuma kashe intanet a cikinsa, domin rabin awar da ake cewa babu ita galibi tana nan, Facebook da TikTok ne ke lashe ta.

Akwai sharuɗɗa biyu da bai kamata a tsallake ba. Na farko amana: lokacin aiki na mai aiki ne. Malamin da ya bar aji babu kowa don yana rubuta labari ya zalunci yara, kuma alhakinsu ba ya goguwa da kyawun littafi. Haka sirrin majinyaci ko na mai ƙara ba kayan labari ba ne sai an sauya shi yadda ba mai gane mai shi. Na biyu kammalawa: labari ɗaya da aka kai ƙarshensa, ko da da rauni, ya fi goma da aka fara aka watsar, domin abin da aka gama ne kaɗai ake iya gyarawa, a nuna wa masana, a shigar gasa.

Wanda kuma ya daɗe da tsayawa kada ya ɗauka ƙofa ta rufe. Najib Mahfuz kansa ya yi kusan shekara biyar bayan juyin mulkin 1952 bai rubuta sabon ƙagaggen labari ba, sannan ya dawo ya ci gaba har tsufansa.

Rabon sauran jama'a

Ba a ce kada kowa ya bar aiki don fasaha ba. Akwai waɗanda suka bari suka dace. Amma hankali ya nuna a bari fasahar ta fara nuna za ta iya riƙe gida, a ga abin da take kawowa wata bayan wata har shekara ta zagayo, kafin a miƙa takardar ajiye aiki. Waƙa ɗaya da ta yi tashe ba hujja ba ce. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Sauran jama'a ma suna da nasu nauyin. Mijin da ya riƙe yara na awa ɗaya don matarsa ta yi rubutu ya yi wa adabi hidima. Matar da ta daina kiran zanen mijinta aikin banza ta yi haka. Mai karatu da ya biya kuɗin littafi maimakon ya roƙi a tura masa kyauta ya taimaka wajen ganin na gaba ya fito. Najeriya tana da sabuwar dokar kare haƙƙin mallaka ta 2022, amma doka ba ta aiki idan masu karatu ba sa ganin satar littafi a matsayin sata. Gwamnatocin jihohi, jami'o'i, gidajen rediyo da attajirai kuwa su tuna cewa gasa ɗaya ce a 1933 ta tono marubutan da ake alfahari da su har yau. Kuɗin shirya irinta bai kai na walimar siyasa guda ba.

Ga shi kansa mai baiwar, babu abin kunya a ce ma'aikacin banki ne kuma marubuci, ko birkila ne kuma mawaƙi. Layin da ya shiga shi ne na Imam, da Bello Kagara, da Mariama Ba, da Mahfuz. Dukansu sun san ƙarar ƙararrawar makaranta ko rajistar sa hannu ta ofis, sun kuma san gajiyar yamma. Bambancinsu da dubban masu baiwar da aka binne da labaransu a ciki shi ne sun fara da lokacin da ke hannunsu, sun kuma kai aikin ƙarshensa. Sannu ba ta hana zuwa. Shafin farko ba ya bukatar ritaya ko ubangida, rabin awa yake bukata gobe bayan sallar asuba.